Jar Mota Mai Kujera Biyu

Litinin, 9 ga Maris

Auta,

Shekara goma sha shida ke nan da maganar da ka faɗa a ƙofar gidana, kuma ban manta ba. Na fara da wannan ne don kada ka ga takarda daga wurina ka ɗauka an shirya. Bayan haka, ina gaishe ka. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, har da waɗanda aka haifa ban je na gani ba. Yaya gwiwar da na ji an ce tana damunka? Allah ya sawwaƙe. Mu ma muna nan, da sauƙi dai.

Ban kira ka a waya ba, domin a waya kai ke magana, ni sai in yi ta cewa to, to. A takarda ba mai katse ni.

Na san za ka ce ka manta, don haka bari in tuna maka. Da Baba ya rasu aka yi rabo, kai ka ɗauki filin nan na bayan gari wanda ko awaki ba sa zuwa, ni na ɗauki kuɗi. Na haɗa da abin da na tara na sayi motar. Ranar da aka kawo ta maƙwabta sun cika layi. Ka zo, ka zagaya ta hannunka a aljihu, ka leƙa ciki, ka ƙirga kujeru da yatsa, sannan ka juya ka ce wa mutane: "Yaya ya sayi mota daidai iyalinsa." Aka yi dariya. Antinka, matata, tana tsaye a wurin, Auta, matar da ta yi shekara ashirin tana zaryar asibiti don neman haihuwa. Ita ma ta yi murmushi, don haka take, ba ta kunyata baƙo. Ni ban yi ba.

Daga baya titi ya bi ta gefen filinka, ka zama abin da ka zama, kuma na ji kana ba mutane labarin yayanka mai digiri biyu da ya sayi abin wasa. To ba abin wasa na saya ba. Shekara talatin ina koyar da lissafin kasuwanci a kwaleji. Darasin faɗuwar darajar kaya ni nake ɗaukarsa, na zana layin nan mai gangarowa a kan allo har alli ya ci mini yatsu. Na san mota tana fara asara tun daga lokacin da tayarta ta taka titi. Amma na kuma san abin da kai ba ka karanta ba: akwai 'yan motocin gudu masu kujera biyu da ba sa bin wannan layin. Idan kamfani ya daina yin su, kuma aka samu wadda ba a wahalar ba, kuɗinta sama yake yi. Ina da mujallun da na gani a ciki, suna nan a ɗaure. Tawa ma har da wani ɗan ƙarfe a manne a gaban direba, an rubuta cewa fitowa ce ta musamman.

Sharaɗin ɗaya ne, kada agogon da ke ƙirga tafiyarta ya yi nisa. Saboda haka ban hau ta ba. Tana gareji a ƙarƙashin tamfol. Duk Asabar nakan yaye in goge ta in mayar, in fita in tari bas kamar kowa. Antinka ta sa mata suna Baƙuwa. Takan ce, "Malam, ka leƙa Baƙuwa kuwa? Ko ta tashi lafiya?" Ta ce ba ta taɓa ganin baƙon da ya samu ɗaki mafi kyau a gida ba, ba ya gaisuwa, ba ya tafiya.

Ga dalilin takardar. Hawan jinin ido ya kashe wa Antinka idon dama tun bara. Na hagun ma yana tsukewa, ta ce kamar tana leƙen duniya ta cikin bututu. Likita ya ce maganin ɗigawa ya daina riƙewa, sai aiki, kuma a hanzarta, domin abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ake tarewa. Aikin a asibitin kuɗi ake yinsa, fanshona kuwa ka san ko maganin wata ba ya cikawa.

Ba kuɗi nake roƙo ba, ka karanta wannan layin sau biyu. Lokacin sayar da motar ne ya yi. Kai kana zama da masu hali. Nemo mini guda a cikinsu wanda ya san abin da yake kallo, ya zo ya biya kuɗinta na gaskiya. Da motar da ka yi wa dariya zan biya aikin idon matata.

Tana gaishe ka, ita ce ma ta dame ni in rubuto. Ba ta ga abin da na rubuta a sama ba, ba kuma za ta iya gani ba.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka


Talata, 14 ga Afrilu

Auta,

Ina gaishe ka da fatan kowa yana lafiya. Na samu amsarka, na kuma ga kuɗin da ka turo. Na je banki na sa an mayar maka da su, ka duba za ka gani. Na ce ka karanta layin sau biyu, ashe ko sau ɗaya ba ka karanta ba.

Ka ce ba ka tuna ka faɗi waccan maganar ba, idan kuma ka faɗa, wasa ne irin na ƙani da matar wa. Na ji. Ka kuma ce ka tambayi abokanka, duk sun ce idan motar gudu suke so sabuwa za su saya. Wannan ma na ji, ban yi mamakin abokanka ba. Na san ka kira Antinka ta ce maka da sauƙi, ba abin gaggawa ba ne. Kada ka ƙara tsallake ni ka kira ta a kan maganar kuɗi. Ni ne mijinta.

Tunda ka kasa, sai na fita da kaina. Na ɗauki hotunan motar da takardunta na je babban filin da ake sayar da motocin hannu. Wani dillali ya tare ni, matashi, turarensa ya riga shi isowa, baƙin gilashi a goshi. Tun kafin in buɗe baki ya fara Baba kaza, Baba kaza. Ya dubi hotunan ya ce kai, mota ta yi kyau, Baba ya iya riƙon kaya. Sannan ya ce in biyo shi.

A can layin ƙarshe, jikin katanga, inda ƙura ta fi zama, na ga Baƙuwa har guda biyar a jere. Uku ja kamar tawa, ɗaya baƙa, ɗaya ruwan ƙwai. Na ce ai waɗannan na gama-gari ne, tawa fitowa ta musamman ce. Bai yi musu ba, ya tafi amsa waya. Na sunkuya na leƙa ta gilashin ta farko, ga ɗan ƙarfen nan a manne. Na leƙa ta biyu, ga shi. Duk biyar ɗin na bi ina leƙawa kamar mai neman wani a ɗakin asibiti. Ashe kowace da aka yi a shekarar an manna mata, kuma dubbai aka yi. Waɗanda nake gani a mujalla ana gwanjonsu da tsada, guda ɗari ko ɗari biyu ake yi a duniya. Tawa kamfani ya yi ta bugawa ne kamar kofin shayi.

Da ya dawo ya yi mini tayi: kashi ɗaya cikin shida na abin da na biya, da kuɗin yanzu kuma, wanda ka san ba ya sayen rabin abin da na da yake saye. Na ce ya dubi agogon tafiyarta, ko kilomita ɗari uku ba ta cika ba. Ya ce, "To Baba, saboda wannan sai a ɗan ƙara maka na mai." Ya ce mai iyali ƙofa huɗu yake nema, matasa kuwa sabon yayi suke so mai allo a gaba, irin wannan sai wanda ya tashi da sha'awa kawai. Na tattara hotunana na fito. Kuɗin da ya faɗa da ƙyar za su kai rabin aikin.

Kada ka yi saurin dariya. Dillali aikinsa ke nan, ya karya maka gwiwa ya saya a banza. Waɗancan biyar ɗin an ci ƙaniyarsu a titi, tawa ko warin sabunta bai gama fita ba. Na ba da talla, mai sha'awa zai zo. Na roƙi asibiti su ɗaga mana ranar zuwa wata mai zuwa.

Antinka tana nan yadda ka san ta. Yanzu idan za ta zuba shayi sai ta ɗora yatsa a bakin kofi don ta ji ya cika. Shekaranjiya ta yi karo da ƙofar kicin, goshinta ya kumbura, ta ce ƙofar ce ba ta da tarbiyya, ba ta kauce wa manya. Na yi dariya don ta ji na yi.

Ka gaida yara.

Yayanka


Talata, 2 ga Yuni

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji gwiwar ta kai ka ga sanda. Allah ya ba da lafiya, girma ne ya zo mana duka.

Wata guda da rabi tallar tana waje. Masu kira suna kira, su tambayi kuɗi, in faɗa, su kashe. Na sake ɗaga ranar asibiti sau ɗaya, ina cewa mako mai zuwa. A ƙarshe mutum ɗaya ya zo gida, wani saurayi mai aikin kwamfuta, shi da amaryarsa. Ya ce tun yana yaro hoton irin wannan motar ke manne a bangon ɗakinsa. Na ji daɗinsa. Na yaye tamfol, ya tsaya yana kallo, na ce a raina yau ga wanda ya san abin da yake gani.

Na riga na sayi sabon batir na sa. Shekarun farko nakan tayar da injin lokaci-lokaci, da batir ya mutu sai na bari, na ce mai saye ya sa sabo. Na shiga na murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Na sake, ko tarin babu. Amaryar kuwa ta riga ta zauna a kujerar gefe tana ɗaukar kanta hoto.

Aka kira makaniki, ya wuni a ƙarƙashinta. Man da ke tanki ya daskare ya zama kamar ƙaro. Robobin injin sun bushe sun tsattsage. Ɓeraye sun yi gida a bayan injin sun ci wayoyi. Birki ya kama. Tayoyin da ko zanensu bai goge ba sun fashe ta gefe, sun lotse inda suka daɗe a tsaye. Titi bai taɓa ta ba, zama ne ya cinye ta. Da na yi ta hawa ina zuwa aiki da ita, da ta fi haka lafiya. Babu mujallar da ta rubuta wannan.

Saurayin yana da kirki. Ya ce har yanzu yana so, amma ni zan gyara ta tashi, kuma abin da ya taya bai kai na dillalin ba. Idan aka cire kuɗin gyara, abin da zai rage ko kwanan asibiti ba zai biya ba. Na ce na sallama.

Da suka tafi Antinka ta fito tana bin bango ta same ni a gareji. Ta tambaya yarinyar a ina ta zauna. Na kama hannunta na ɗora a kan kujerar. Ta shafa ta ce, "Ashe laushi gare ta." Shekara goma sha shida motar tana gidanta, Auta. Tun farko ta roƙe ni in buɗe rufin in kai ta bakin tafkin nan inda muke zuwa kafin aurenmu, lokacin ina aron keken abokina. Na ce mata zuwa da dawowa zai ƙara wa agogo kilomita tamanin, ta bari sai ana gobe za a sayar, ranar sai mu je. Duk shekara takan tuna mini sau ɗaya, cikin wasa. A garejin ta ce, "Malam, ana gobe ɗin ta kusa ke nan." Na ce ta kusa.

Yanzu ga abin da ban so rubutawa ba. Idan kuɗin nan suna nan, ka tura su asibitin kai tsaye, na rubuta maka sunansa da lambar katinta a bayan takardar. Kada su biyo ta hannuna. Rance ne, zan biya. Ba ta iya gane fuskata yanzu sai na tsaya daidai gabanta.

Ka yi sauri.

Yayanka


Alhamis, 25 ga Yuni

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da yaran gaba ɗaya. Na gode da saurin da ka yi, kuɗin sun shiga tun washegarin da ka samu takardata. Asibiti za su mayar maka da su, ban da na gwaji. Ba a yi aikin ba.

Likita ya daɗe yana haska idon. Ya sa ta a gaban na'ura ya ce ta danna duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Ina zaune a bayanta ina ganin hasken yana fitowa yana ɓacewa, hannunta yana kan abin dannawa, tana jira a fara. Da aka gama ya buɗe katinta ya dubi ranar da muka zo a watan Maris, ya dube ni, ya ce, "Malam, me ya tsare ku?" Antinka ce ta amsa, ta ce hidimomi ne suka yi yawa. Ya ce jijiyar ta riga ta tafi, abin da za a yi aikin don a tare shi babu shi kuma. Za ta riƙa bambance rana da duhu, iyakarsa ke nan.

Ka ce za ka zo. Ka zo, ba zan hana ka ba. Amma bari in gaya maka sauran a nan, don a gabanka ba zan iya ba.

An gama gyaran motar ranar Litinin. Saurayin ya ce zai zo ɗauka ranar Laraba, don haka shekaranjiya ta zama ana gobe ɗin. Ban yi niyyar tada maganar ba, na ga me za a je a gani. Da safe na fito na tarar da ita a zaune a falo ta yi kwalliya, ta ɗaura ɗankwalin da take ajiyewa don fita, jakarta a cinya. Kayan ba su dace da juna ba, da lalube ta zaɓa, ban gaya mata ba.

Na buɗe rufin, na zaunar da ita, na ɗaura mata bel. Na manta rabon da in riƙe sitiyari. Muka fita a hankali kamar masu rakiyar mara lafiya, masu babur suna wuce mu suna waiwaye. Da muka bar gari ta ce, "Malam, wannan ce motar gudun? Ai keken abokinka ya fi ta sauri." Sai na taka. Auta, motar tana da gudu. Ban sani ba sai ranar. Iska ta fizge ɗankwalin ya tafi, na ce bari in tsaya, ta ce in bar shi. Tana dariya, furfurarta a waje, ta ɗaga hannu ɗaya sama tana tarar iska.

Bakin tafkin an kewaye shi da katanga, an yi gidaje, irin naku. Ta wata 'yar kafa kawai ake hango ruwan. Na tsaya a gefen titi na kashe injin. Ta tambaya ko manyan itatuwan nan suna nan. Na ce an sare. Ta tambaya ruwan fa, na ce yana nan. Ta ce ta ji ƙamshinsa.

Muna zaune sai ta shafa kujerarta, ta miƙo hannu ta shafa tawa, ta ce, "Auta ya faɗi gaskiya, daidai iyalinmu take." Na ce kada ta tuna mini da wannan rashin kunyar, saboda ita na yanke ka shekara goma sha shida. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce ita maganar ba ta taɓa ɓata mata rai ba. Ta ce murna ta yi ranar. Ta ɗauka na haƙura da zancen haihuwa ne, na sayi abin da zai ɗauke mu mu biyu, ba wurin kowa, mu yi ta yawonmu. Ta ce sai da ta ga na ja tamfol na rufe sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Na tayar da mota muka dawo.

Jiya saurayin ya zo da amaryarsa. Ya zauna, ya gyara madubi, ya ƙirga mini kuɗin. Na nuna masa agogon na ce ranar Talata na ƙara mata kilomita tamanin, idan zai rage wani abu ya rage. Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, tamanin me? Ai ko dubu ka ƙara kuɗinta ɗaya ne." Suka tafi. Antinka tana bakin ƙofa tana sauraron ƙarar har ta ɓace, ta ce Baƙuwa ta tafi ko sallama babu.

Na biya makaniki. Abin da ya rage na sayi farar sanda da maganin wata uku, na ajiye kuɗin gwajin da zan ba ka idan ka zo. Garejin yana nan fayau, sai tamfol a ninke da tabon taya huɗu a siminti.

Idan ka iso ka yi sallama da ƙarfi ka faɗi ko kai wane ne, kada ka tsaya kana jira ta gane ka. A watan Maris tana ganin fuskata. Yanzu ba ta gani.

Ka gaida gida.

Yayanka